Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse: Koren Wake Da Sabon Dankali

Yau filin namu zai leƙa madafin waɗansu mutane ne na nesa, watau mazauna jihohin kudu na ƙasar Amurka, irin su Kentaki da Tenesi da Bajiniya da Karolina da Jojiya, don mu ga wani abinci nasu wanda ba ya cikin jerin abincin masu hannu da shuni, ba a kuma tanadar sa don baƙi na alfarma, amma duk da haka in aka ambace shi a gaban dattijon da ya taso a ƙauyukan can, sai hira ta koma kan kakarsa da gidansu na da. Abincin kuwa ba wani abu ba ne illa koren wake da sabon dankalin Turawa, a haɗa su tukunya ɗaya tare da ɗan guntun kyafaffen nama, a bar su bisa ƙaramar wuta har awa 2 ko 3. Shi ke nan. To, me ya sa abin da bai wuce wannan ba yake tsaya wa mutum a rai har tsufansa? Amsar wannan tambaya ita ce maganarmu ta yau, kuma ina ganin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Da farko dai bari mu bambance wake da wake, don kada uwargida ta ruɗe. Waken da muke yin ƙosai da alale da shi ɗan asalin Afirka ne, kuma Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa. Shi kuwa koren waken nan da ake ci har da ɓawonsa, wanda waɗansu ke kira waken Turawa, ba ma na Turawan ba ne. Asalinsa ƙasar Meziko ne da tsaunukan Andis, inda mutanen wurin suka yi dubban shekaru suna nomansa kafin Bature ya taka ƙasarsu. Haka nan shi ma dankalin da muke jingina wa Turawa, daga tsaunukan ƙasashen Feru da Bolibiya ya fito, 'yan Sifen suka kai shi Turai wajen shekarar 1570. Abin da ya sa ake kiransa da sunan ƙasar Ailan kuwa shi ne yadda talakawan can suka dogara da shi ɗungum, har da wata cuta ta faɗa wa dankalin daga 1845 zuwa 1852, mutum wajen miliyan 1 ya mutu, wajen miliyan 1 kuma ya bar ƙasar. Ashe waken da dankalin 'yan gida ɗaya ne tun fil azal, yawon duniya ne ya raba su, tukunya ta sake haɗa su.

Mutanen ƙasar Amurka na asali, tun kafin zuwan Turawa, sukan shuka masara da wake da kabewa a gona ɗaya. Waken ya hau karan masara, saiwarsa ta ƙara wa ƙasa ƙarfi, ita kuwa kabewa ta shimfiɗa ganye ta rufe ƙasa ta hana ciyawa. Manomin da ya saba shuka wake a tsakanin gero ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Turawan da suka zo suka zauna a tsaunukan Afalashiya, waɗanda suka ratsa jihohin da muka ambata, daga hannun waɗannan mutane suka karɓi irin da dabarar. A hankali kowane kwari da kowane dangi ya zama yana da irin wakensa da yake taƙama da shi. Akwai wanda suke kira waken gonar masara, akwai mai rabin yaɗo, akwai kuma wanda suke kira mai maiƙo, saboda ɓawonsa ba shi da gashi, yana ƙyalli sai ka ce an shafa masa mai. Iyali kan riƙe irinsu tsara bayan tsara, har a riƙa kiran irin da sunan gidan ko na tsohuwar da ta adana shi.

Lokacin zafinsu

A ƙasar tasu hunturu yana da tsanani, gona takan kwana wata da watanni ba ta ba da kome ba. A zamanin da babu firji babu manyan kantuna, mutum yakan wuce hunturun nan ne da busasshen abinci da naman gishiri. Saboda haka ranar da aka fara tsinkar koren wake, wajen watan Yuni ko Yuli, aka kuma tona gindin dankali aka ciro ƙananan 'ya'yansa waɗanda fatarsu ba ta riga ta yi kauri ba, ranar murna ce a gida. Lokacin zafin nasu ya zo daidai da daminarmu, kuma ɗokin da suke yi bai bambanta ba da wanda yaranmu ke yi in sabuwar masara ta fara hawa bakin wuta, ko dafaffiyar gyaɗa ta fara yawo a faranti.

Aikin kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Irin waken da yana da wata jijiya mai kama da zare a kowane gefe na ɓawon, wadda in ba a cire ta ba sai ta maƙale wa mai ci a haƙori. Don haka in an kawo kwando daga lambu, sai a zauna a barandar gida da la'asar, kaka da uwa da jikoki, kowa da kwano a cinya. A karya kan waken a ja zaren har ƙasa, a juya a karya gindin a ja na ɗaya gefen, kana a kakkarya shi biyu ko uku. Hannu na aiki baki na hira. A nan yaro ke jin tarihin gidansu, da wanda ya auri wance, da shekarar da aka yi fari, da yadda kakansa ya sami gonar. Wanda ya taɓa zama a tsakar gida ana ɓarar gyaɗa da farin wata ya san irin wannan makaranta da ba ta da allo.

Abin da ya yi rara kuma ba a zubarwa. Waɗansu sukan ɗura shi a kwalabe masu murfi, irin waɗanda wani mai suna John Mason ya yi wa rajista a 1858, su dafa su rufe su jera a ɗakin ajiya. Waɗansu kuwa sai su ɗauki allura da zare su soke waken ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, su rataye a baranda ko bayan murhu har ya bushe ya yamutse. Wannan suna kiransa wandon fata, saboda kamar da yake yi in ya bushe, kuma da shi ake rage kewar lambu in sanyi ya shigo, kamar dai yadda busasshiyar kuɓewa ke fid da mu da rani.

Dalilin doguwar dahuwa

To, me ya kawo dahuwar awa 2 ko 3? Dalili na farko yana cikin waken kansa. Mutanen tsaunukan nan ba sa tsinkar wakensu yana ɗan siriri. Sai sun bari ƙwayar da ke ciki ta ƙosa ta kumbura ɓawon tukuna, domin talaka ƙoshi yake nema, ƙwayar kuwa ita ce mai riƙe ciki. Wake mai ƙwaya ba ya nuna da tafasa ɗaya. Dalili na biyu shi ne nama. Talakawan yankin, farare da baƙaƙe, ba su da halin cin tsoka kullum, sai dai ɗan guntun kyafaffen nama mai gishiri ko ƙashi, wanda ake sakawa don ƙanshi da maiƙo, shi kuwa ba ya sakin abin da ke jikinsa sai ya daɗe a ruwan zafi. Dalili na uku kuwa, matar gida aiki ya yi mata yawa. Murhun itace yana ci tun safe, sai ta tura tukunyar baƙin ƙarfe can gefe inda wuta ba ta da ƙarfi, ta tafi wanki ko lambu, ko kuwa ranar Lahadi iyali su tafi coci su dawo su tarar abinci ya yi.

Naman da suka fi amfani da shi a can na alade ne, wannan kuwa ba ya shiga tukunyar Musulmi, haka nan da yawa daga cikin masu karatunmu ba sa kusantarsa. Amma ko a can ɗin, gidaje da dama, musamman na baƙaƙen fata, sun daɗe da komawa kan kyafaffen talo-talo, waɗansu don addini, waɗansu don likita ya hana su kitse. Abin da ake nema wurin naman hayaƙi ne da gishiri da ɗan mai, waɗannan kuwa ba su da wuyar samu a kasuwanninmu.

Romon da ke saura a gindin tukunya yana da nasa matsayi. Tun zamanin bauta, wadda ba ta ƙare a ƙasar ba sai 1865, bayi sun san cewa ƙarfin ganye yana cikin ruwan da aka dafa shi, ba sa yarda ya zube. Har gobe ɗan kudu na gaskiya yakan gutsura burodin masara ya tsoma cikin romon nan, ya haɗa da yankakken tumatir da ɗanyar albasa, ya ce ya ci abinci. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Su waɗannan wake suka dafa, amma romon ba su bar wa kowa ba.

Yadda sauri ya shigo

Sannu a hankali abubuwa suka canja. Wani mai sana'ar iri a jihar Niyok, Calvin Keeney, ya duƙufa wajen fitar da waken da ba shi da zare, har kamfanin iri na Burpee ya fara sayar da wani irin nasa a 1894. Wannan ya rage wa mata wahala ƙwarai, babu mai musu. Daga baya, wajen shekarun 1950, injin girbi ya shiga gonakin wake. Inji kuwa ba ya bin sanda yana zaɓen wanda ya ƙosa, so yake gajeren wake wanda zai nuna gaba ɗaya a tsinke shi rana ɗaya, mai taurin ɓawo wanda zai jure wa ƙarfe da doguwar tafiya a mota. Irin wannan dole a tsinke shi tun ƙwayarsa ba ta fito ba, in ba haka ba ya zama kamar igiya a baki. Da haka waken kanti ya zama kyakkyawa a ido, miƙaƙƙe, tsawonsa ɗaya, amma garɗin da tsofaffi suka sani ya tafi.

Wani manomi kuma malamin makaranta a garin Berea na jihar Kentaki, Bill Best, ya shafe shekaru masu yawa yana bin ƙauyuka yana tattara tsofaffin irin wake daga hannun iyalai, har ya tara ɗaruruwa, ya kuma rubuta littafi a kan adana iri a 2013. Ba don irinsa ba da yawancinsu sun bi tsofaffin da ke riƙe da su zuwa kabari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Su ma mutanen ba su zauna ba. Daga wajen 1916 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar jihohin kudu suka nufi biranen arewa da na yamma, suna gudun wulaƙanci suna neman aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, da injuna suka rage ma'aikata a ramukan kwal, miliyoyin mutanen tsaunukan Afalashiya suka kwarara zuwa masana'antun motoci na Ditiroyit da na tayoyi a jihar Ohayo da kuma birnin Shikago. A can babu baranda, babu lambu, babu kaka, sai agogo da ƙarar ƙararrawar ma'aikata. Wake ya koma na gwangwani, a buɗe a ɗumama cikin minti 5. Har da kamfanin Rival ya fito da wata tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali mai suna Crock-Pot a 1971, mata ma'aikata suka yi rububinta, domin ta ba su damar ɗora girki da safe su dawo da yamma su tarar da wani abu mai kama da na gida. Mai kama dai, domin lantarki ya iya riƙe wuta, amma bai iya zama a baranda ya ba da labari ba.

Nan ne amsar tambayarmu take. Wanda ke begen wannan abinci yana begen lokacin da abinci ke da ranar zuwansa ana jiransa, da irin da aka gada, da mutanen da aka zauna da su aka gyara shi. Ɗan'uwanmu da ke Agege ko Idi-Araba a Legas, ko Sabo a Ibadan, ko wanda neman abinci ya kai Fatakwal, ya san wannan ciwo sarai. Kuka da daddawa duk ana sayar da su a inda yake, amma ya sha gaya maka cewa miyar ba ta yin daɗin ta gida. Ba kukar ce ta canja ba.

Abin da masana suka ce

Adalci ne mu ji ta bakin waɗanda ba su yarda da doguwar dahuwa ba, domin suna da hujja. Masana abinci sun tabbatar cewa zafi mai tsawo yana lalata bitamin C, waɗansu sinadaran kuma suna fita daga ganye su koma cikin ruwa. Launi ma yakan tafi. Koren nan mai haske yakan koma kamar na ɗanyen zaitun ko kakin soja, domin zafi da ɗan tsamin da ke jikin waken suna sauya sinadarin da ke ba ganye launinsa. Saboda haka masu dafa abinci a manyan otal-otal, masu bin tsarin Faransa, sukan jefa wake cikin tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, su tsame su tsoma a ruwan sanyi, ya fito kore shar yana ƙaras-ƙaras. Wannan ya dace da ɗan siririn wake, kamar wanda ƙasar Kenya ke aikawa Turai ta jirgin sama.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Waken da aka yi wa tafasa ɗaya ba ya shan kome daga abin da ke kewaye da shi, miya na gefe shi yana gefe. Sai zafi ya daɗe yana narkar da danƙon da ke riƙe da naman ɓawon kafin ya saki jiki ya tsotse romo da ƙanshin albasa. Abin da ya tsere cikin ruwa kuma ba a yi asararsa duka ba muddin za a shanye romon. Bitamin ɗin da wuta ta cinye, ɗanyen tumatir ɗin da ake ci da shi yana mayar da gurbinsa, tsofaffin can kuwa sun yi ta haɗa su ba tare da sun san sunan sinadari ko ɗaya ba. Abu guda da kowa ya yarda da shi shi ne kada a ci wannan wake ɗanye da yawa, domin akwai wani sinadari a jikinsa mai ɓata ciki wanda sai wuta ke kashe shi.

Ba kuma Amurkawa kaɗai suka gano wannan ba. A ƙasar Girka suna dafa koren wake da dankali a hankali cikin man zaitun mai yawa da tumatir da albasa, babu nama ko kaɗan, suna kiransa fasolakiya, kuma yana cikin abincin da Kiristocinsu ke ci a kwanakin azuminsu na farkon watan Agusta. Turkawa da mutanen Labanan suna da irin nasu, har sukan fi son sa in ya huce. Alhazanmu da 'yan'uwanmu mazauna Sudan ba za su rasa jin kalmar fasuliya ba. Mutanen da teku ta raba, harshe ya raba, addini ya raba, in ka ga sun taru a kan dabara ɗaya, to, dabarar tana da gaskiya.

Ga shi a ƙofar gidanmu

Mu kuwa Allah ya hore mana kayan haɗin a cikin ƙasarmu. Tudun Jos, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,200, yana da sanyin da dankalin Turawa ke so. Turawan mishan da na haƙar kuza ne suka shigo da shi, aka kuma ƙarfafa nomansa lokacin yaƙin 1939 zuwa 1945 don ciyar da soja. Yau jihar Filato ce ke noma mafi yawan dankalin ƙasar nan, musamman a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Fankshin, kuma akwai tashar binciken dankali a Kuru, reshen cibiyar nan ta Umudike. Manoman wurin har yanzu suna fama da cutar nan da ta halaka dankalin Ailan, musamman in damina ta yi yawan ruwa da hazo. Dankalin damina yakan fara fitowa wajen Yuli da Agusta, a daidai lokacin da koren wake ke cika kasuwar Farin Gada ta Jos, daga nan motoci su kwasa zuwa 'Yankaba a Kano da Mil 12 a Legas. Abin takaici, yawancinmu ba mu san koren wake da wani aiki ba sai a yayyanka shi ƙanana a watsa cikin soyayyiyar shinkafa don ado.

To, uwargida, ga yadda za ki gwada. Ki sami koren wake kilo 1, ki zaɓi mai nauyi wanda in kin karya zai ce ƙas, ko da ƙwayarsa ta fara tasowa ba laifi. Ki sami ƙananan dankali sabon tono kamar rabin kilo ko fiye, wanda fatarsa ke salewa da farce. Irin wannan bai tara gari da yawa ba, shi ya sa ba ya dagargajewa a tukunya. Duk wanda ya yi kore ko ya fara tsiro ki ware shi, akwai guba a wurin. Sai albasa manya 2, tafarnuwa, masoro, attaruhu ɗaya in ana so, da kyafaffen naman sa ko na kaza ko ƙashi mai ɓargo. Wanda ba shi da halin nama, kyafaffen kifi da ɗan ƙullin daddawa sun wadatar.

Ki fara soya albasa a man gyaɗa ko man shanu ludayi ɗaya har ta yi laushi, ki sa naman da ruwa kofi 4, ki rufe ya dahu kamar minti 45. Kafin nan kin tara yara sun cire kai da gindin waken sun kakkarya. Ki zuba shi, ruwan ya tsaya daidai kansa, in ya tafasa ki janye itace ko ki rage risho har tafasar ta zama ɗaya-ɗaya, ki rufe ki ba shi awa 1. Daga nan ki jera dankalin a sama, ki sa gishiri da masoro, ki ƙara masa minti 30 ko 40, har cokali ya shige shi ba gardama. Kada ki yi ta juyawa, girgiza tukunya ya isa. In kina son tumatir, ki bari sai wake ya fara laushi, domin tsami yana jinkirta dahuwa. Mutanen Jos kuma su ƙara ɗan lokaci, domin a bisa tudu ruwa yana tafasa tun zafinsa bai wuce digiri 96 ba. In kin sauke ki bar shi rufe minti 15. A ci da burodi, ko waina, ko farar shinkafa, kada kuma a bar romo.

Gargaɗi ɗaya: a nesanta kanwa da wannan tukunya. Gaskiya ne kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, tana ma riƙe masa korensa, amma tana kashe bitamin, ta mai da ɓawon ya yi yauƙi, ta kuma bar ɗanɗanon sabulu a baki. Sauri ya haifi nawa. Na san maigida zai ce gas da kananzir da gawayi sun yi tsada, wa zai bar wuta tana ci awa 2? Maganarsa tana kan hanya. Sai dai ƙaramar wuta a ƙarƙashin rufaffiyar tukunya mai kauri ba ta cin makamashi kamar babbar wuta a ƙarƙashin buɗaɗɗiya, garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo ma yana iya rabin aikin. Akwai kuma tsohuwar dabara: in tukunya ta tafasa sosai kamar minti 20, a sauke ta da murfinta, a naɗe ta da tsohon bargo a cusa cikin kwando, zafin da ke jikinta zai ci gaba da dahuwa. Bayan awa 2 a mayar da ita wuta ta sake tafasa kafin a ci.

Abin da ya rage mana

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amurkawa sai da baranda ta zama kango, irin kaka ya kusa ɓacewa, sa'an nan suka farga suka shiga neman abin da suka yar da hannunsu. Mu namu bai tafi ba tukuna, amma ya kama hanya. Tsofaffin irin wakenmu, kamar Kanannado da Ɗan Ila waɗanda manoman ƙasar Kano suka gada, suna gogayya da sababbin iri masu saurin nuna daga cibiyar bincike ta Samaru da ta Ibadan. Sababbin nan alheri ne, musamman yanzu da damina ba ta da tabbas, ba mai hankalin da zai ce a ƙi su. Cibiyar Ibadan ɗin ma, wadda aka kafa a 1967, tana ajiye da irin wake sama da 15,000 a ɗakunan sanyi, babu mai yawansu a duniya. Amma irin da ke ɗakin sanyi ba ya shiga tukunya, kuma takardar da ke manne da shi ba ta faɗin yadda tsohuwa ke dafa shi. Manomin da ya ware ko kunya biyu ce a gefen gona don irin gidansu ya yi wa jikokinsa tanadi.

Haka nan a madafi. Taliyar leda mai dahuwa cikin minti 3 ta shiga kowane gida, tana kuma fid da ma'aikaci da ɗan makaranta kunya. Amma in ita kaɗai yaro ya sani, ranar da ya girma ya yi nisa da gida me zai yi bege? Ba a ce kullum ba. Ko sau ɗaya ne a mako, ranar Juma'a ko Lahadi, a ɗora abin da ke bukatar lokaci, ko wannan wake da dankali ne, ko faten wake, ko miyar taushe, a kuma sa yara su zauna su sa hannu a gyaran kayan, a kashe rediyo a ajiye waya, a bar tsohuwa ta yi magana.

Wanda ya gwada, muna jiran wasiƙarsa mu ji yadda tukunya ta kaya, musamman manoman Filato da matan da ke da tasu dabarar da ta fi wannan. Sai mun sadu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.